Daga Wuri Zuwa Naira: Tarihin Canjin Kuɗi da Halin Magidanta a Yankin Jega

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya tashi nuna ƙarshen talauci, sai ya ce wane ba shi da ko anini, ko kuwa ba shi da ko sisin kwabo. Yawancin masu faɗin haka a yau ba su taɓa riƙe anini a hannu ba, sisi ma sai dai labari. Watau kalmomin sun wanzu a bakin mutane bayan kuɗin da suke wakilta sun shuɗe. Kowace ɗaya daga cikinsu kuwa alama ce ta wani zamani da aka canza wa jama'a kuɗi, aka kuma canza darajar abin da suka daɗe suna tarawa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan canje-canje a yankin Jega, watau ƙasar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, da ƙauyukansu irin su Fagada, tun daga zamanin wuri har zuwa shekarar 2024. Za a nuna cewa a kowane zamani nesa da kasuwar Jega ake yanke darajar kuɗi, amma a cikin gida ake jin nauyin hukuncin. Za a kuma nuna cewa al'adar magidanta ta ƙin ajiye dukiya a tsabar kuɗi darasi ne da wannan tarihi ya koyar da su.

2.0 Jega da Zamanin Wuri

An kafa garin Jega wajen 1820, a bakin Gulbin Zamfara, a hannun Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana, bayan rikicin da ya yi sanadin rasuwar mahaifinsa a 1818. Garin ya shiga ƙarƙashin Gwandu, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 19 ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Ta nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke bi, nan kuma ake saukar da gishirin Foga da tufafi da dabbobi.

Kuɗin wannan kasuwa shi ne wuri. Ita kanta kalmar "kuɗi", wadda Sakkwatawa da Kabawa suke furtawa "kuɗɗi", asalinta jam'in "wuri" ce. Ana ƙirga wuri dubu a ce zambar, a ɗinke dubu ashirin cikin tabarma a ce keso, shi ne kuwa kayan mutum guda. Don manyan cinikayya akan yi amfani da liyari, watau dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza.

Wuri ba a haƙa shi a ƙasar Hausa. Ƙwanson wata halittar teku ne da ake kawowa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya, kuma nisan hanya da wahalar ɗauka su ne suka tsare darajarsa shekaru aru-aru. Daga 1845 sai kamfanonin Jamus na birnin Hambog, daga baya da na Faransa, suka shiga jigilar wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar zuwa Ikko da sauran tashoshin gaɓar teku, dubban tan-tan. Wannan wuri ya biyo hanyoyin fatauci ya malalo arewa. Baturen nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Zuwa shekarun 1890 canjin ya kai wajen 5,000.

Ma'anar wannan ga magidanci a fili take. Wanda ya binne tukunyar wuri don auren 'yarsa ko don ranar yunwa, in ya daɗe bai tone ba, sai ya iske rabin ƙarfinta ya tafi alhali ko ƙwara ɗaya ba ta ɓace ba. Falke kuma ya ga ladan ɗaukar wuri ya fara cinye wurin kansa, saboda haka manyan attajirai suka koma ƙulla ciniki da tufafi da dawaki da bayi. Wannan na ƙarshe abin lura ne ƙwarai, domin lalacewar wuri tana cikin dalilan da suka sa aka riƙa mai da ɗan Adam ma'ajin dukiya da abin biyan bashi. 

3.0 Kuɗin Turawa da Haraji

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, Gwamna Lugga ya hana shigo da wuri a 1904, aka fara cusa kuɗin ƙarfe. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, mai mazauni a London, wadda ta riƙa buga wa Nijeriya da sauran ƙasashen Ingila na yankin kuɗi. A nan ne harshen Hausa ya sami jerin sababbin sunaye: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, nai, sule, dala ko fataka, da fam. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Buhun fam ɗari kuma aka kira shi jaka. Yawancin sunayen aro ne, amma "ɗari", watau rabin kwabo, Hausa ce tsantsa, kuma tana ɗauke da farashin canji na wancan lokaci: rabin kwabo daidai yake da wuri ɗari.

Abin da ya tilasta wa mutane karɓar sabon kuɗin shi ne haraji. Kafin zuwan Turawa, yawancin abin da manomin ƙasar Gwandu yake fitarwa, kamar zakka, da damman hatsi yake fitar da shi. In damina ta yi kyau ya ba da da yawa, in ta ƙi ya ba da kaɗan. Harajin En'e kuwa adadi ne tsayayye na sulalla, ana kuma karɓarsa da kaka, daidai lokacin da kowa ya kai amfanin gonarsa kasuwa, farashi ya faɗi. Ta haka magidanci yakan sayar da gero da araha don ya biya haraji, sa'an nan ya sake sayensa da tsada da bazara, wani lokaci da bashi. Wanda ya ci gaba da riƙe wuri kuma dole ya nemi mai canji, shi kuwa mai canji yakan tsananta farashi idan lokacin haraji ya matso.

Kuɗin Turawan ma bai zauna a kan hali ɗaya ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi ƙaranci, aka fito da kuɗin takarda a 1916, mutane suka ƙi su, 'yan kasuwa suka riƙa karɓarsu ƙasa da abin da aka rubuta a jiki. A 1920 aka musanya sulen azurfa da na gamin ƙarfe, masu wayo suka ɓoye na azurfar, da yawa suka ƙare a wurin maƙeran fari sun zama awarwaro da zobba.

Babbar jarrabawa ta zo da karyewar tattalin arzikin duniya daga 1929. Ƙa'idar Hukumar Kuɗi ita ce ba ta sakin fam ɗaya a Afirka ta Yamma sai an ajiye mata fam ɗaya na Ingila a London. Saboda haka yawan kuɗin da ke yawo a kasuwanni ya rataya ne a kan abin da aka sayar wa Turai. Da farashin gyaɗa da auduga da fata ya faɗi warwas, sai sulalla suka ƙafe a ƙauyuka, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar farashi ba. A wasu kasuwannin ƙauye aka koma wa wuri, da cinikin ba ni gishiri in ba ka manda. Daɗin daɗawa, jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, ya kuma isa Ƙauran Namoda a 1929, ya karkatar da fatauci daga tsohuwar hanyar ayari da ta raya Jega.

Mafitar da gidaje da yawa suka samu ita ce cin rani. Samari suka riƙa barin gida bayan girbi, su nufi Ikko da Ibadan da Kumasi neman kuɗin haraji da na aure. Wata ƙidaya da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 ta sami fiye da mutum 200,000 sun fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu take cikinsa a lokacin. Ashe ke nan ƙarancin kuɗi ya taɓa har tsarin gandu, domin saurayin da ya samo sulensa da guminsa a wata ƙasa ba ya dawowa ƙarƙashin maigida kamar yadda ya fita.

4.0 Naira da Shekarun Man Fetur

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, ikon buga kuɗi ya dawo Ikko daga London. An canza takardun kuɗi a Janairu 1968 saboda yaƙin basasa, sa'an nan ranar 1 ga Janairu 1973 aka fito da naira da kwabo, a kan naira biyu fam ɗaya. Hausawa ba su yar da tsofaffin sunaye ba, sai suka ɗora su a kan sababbin kuɗi: kwabo biyar sisi, kwabo goma sule, kwabo ashirin dala, naira biyu fam, naira 200 jaka.

Naira ta zo daidai da abubuwa biyu masu karo da juna. Na farko shi ne farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kuma ƙarar da rumbuna a arewacin ƙasar. Na biyu shi ne hawan farashin man fetur daga ƙarshen 1973, wanda ya cika baitulmalin gwamnati. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da bashin watannin baya, kuɗi suka kwararo kasuwa a lokaci guda, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Malamin makaranta da ma'aikacin ofis sun sayi babur da rediyo, har kalmar "Udoji" ta shiga bakin mutane da ma'anar garaɓasa. Manomin da bai karɓi komai ba ya tarar da tsadar tana jiransa a kasuwa. Ƙarfin naira kuma, wadda a 1980 ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, ya sa shinkafar waje ta fi ta fadamar gida araha, noma ya rage daraja, matasa suka nufi birane.

Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilu 1982, aka shiga zamanin layin madara da sukari da sabulu. A ƙarshen Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba, ta ƙayyade naira 5,000 ga mai canjin hannu da hannu, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai 1986. An yi nufin kama masu safarar kuɗi ne, amma mutumin ƙauyen da ba shi da asusun banki, da tsohuwar da labari bai iske ta da wuri ba, da ɗan kasuwar da yake hulɗa da Nijar da Binin ta Kamba da Lolo, duk sun shiga cikin waɗanda abin ya ci.

5.0 Karyewar Naira

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. A watan Satumba na shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ta haura naira huɗu. An rushe hukumomin sayen amfanin gona, an kuma hana shigo da shinkafa tun 1985, alkama a 1987.

Wannan shiri bai faɗa wa kowa iri ɗaya ba. Manomin da yake da rarar da zai sayar, kamar mai shinkafa a fadamar Jega ko mai albasa a Aliero, ya ga farashin kayansa ya tashi. Amma taki da injin ban ruwa da maganin asibiti da littafin makaranta su ma sun tashi, ga shi ana ta rage rangwamen taki. Ƙaramin manomi kuwa, wanda abin da yake nomawa ba ya kai shi shekara, mai sayen hatsi ne a rabin shekararsa, don haka tsadar abinci cutarsa take yi. A 1995 hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin ɗari.

Jerin takardun kuɗi kansa ya isa shaida. Naira 20 mai hoton Janar Murtala, wadda aka fito da ita a 1977, ita ce mafi girma har 1991 da aka yi naira 50. Daga nan sai naira 100 a 1999, da 200 a 2000, da 500 a 2001, da 1,000 a 2005. Sisi da sule suka ɓace daga kasuwa, suka bi anini zuwa cikin karin magana.

6.0 Daga Bashin Shinkafa Zuwa Ƙarancin Takardun Kuɗi

A 2015 manufofin Babban Banki suka shigo gonakin Kebbi kai tsaye. A watan Yuni bankin ya hana ba da kuɗin waje don shigo da kaya iri 41, har da shinkafa. Ranar 17 ga Nuwamba Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashin iri da taki da kayan ban ruwa a Birnin Kebbi, a kan ruwan kashi 9 cikin ɗari, su biya da shinkafa bayan girbi. Noman rani ya bunƙasa, kuɗi suka shiga ƙauyukan fadama, rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya ƙara wa shinkafar gida farashi. Sai dai ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa a jihar, bashi mai yawa bai dawo ba, kuma sabon shugabancin bankin ya dakatar da irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023. A cikin waɗannan shekaru bankin ya ranta wa Gwamnatin Tarayya kuɗin da suka kai naira tiriliyan 22.7, abin da ya ƙara yawan naira a ƙasa fiye da yawan kayan da za ta saya.

Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan bankin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, bisa hujjar cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na takardun kuɗi suna wajen bankuna. Aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Watannin Fabrairu da Maris 2023 kuwa lokacin cire albasa da tumatir ne, kayan da ba su jiran mai saye. Manomin da ba shi da asusu, ko wanda ƙauyensa babu hanyar sadarwa mai ƙarfi, ya riƙa karya farashi ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu, masu na'urar cirar kuɗi kuma suna yankar lada mai tsanani. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu.

Ba a gama farfaɗowa ba sai aka janye rangwamen man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni. Dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Litar man da injin ban ruwa yake sha ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a Yuni 2024. Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 a Nuwamba don ya rage gudun farashi, amma wannan magani ta hanyar bashin banki yake aiki, mafi yawan magidantan karkara kuwa ba daga banki suke rance ba. Mafi ƙarancin albashi na 1981, naira 125, ya kai kimanin dala 200. Na 2024, naira 70,000, bai kai dala 50 ba a ranar da aka sa masa hannu.

7.0 Dabarun Gida

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan aka dubi yadda gidajen wannan yanki suke ajiya, za a ga sawun duk abin da aka zayyana a sama. Maigida yakan bar dukiyarsa a rumbu, ko ya sayi ɗan maraƙi ya turke, mai albasa kuma ya zuba ta a rudu ya jira farashi ya tashi. Mace takan mai da ribar sana'arta jar akuya ko tunkiya, ko ta tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama, domin kwano da tasa ba su san canjin kuɗi ba. Gudummawar biki, wadda bisa al'ada akan mayar da ita da ƙari, ita ma wata ajiya ce a hannun dangi da ƙawaye.

Kowace dabara tana da nata rauni. Fari yakan kashe dabba kamar yadda aka gani a 1973, albasa takan ruɓe a rudu, ɓarayin shanu kuma sun sa kiwo ya zama kasada a sassa da yawa na arewa maso yamma. Adashi, wanda zubinsa da kwasarsa duk da kuɗi ne, yakan cuci mai kwasar ƙarshe a shekarar tsada, domin adadinta ɗaya da na mai kwasar fari amma abin da zai saya ya ragu. Mafi tsanani shi ne halin wanda ba shi da rarar da zai mayar hatsi ko dabba, kamar ɗan ƙodago da bazawara mai marayu da ɗan fansho. Su ne suke riƙe da tsabar kuɗi kawai, su ne kuma tsada take fara kamawa.

Ma'auni ɗaya ne bai motsa ba a duk tsawon wannan tarihi. A fiƙihun Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, nisabin zakka kuma dinari ashirin na zinariya. An ƙiyasta su da wuri, an ƙiyasta su da sule, yanzu hukumomin zakka suna sanar da su da naira lokaci lokaci. Nauyin zinariyar yana nan yadda yake, adadin nairar ne yake hawa, don haka jerin waɗannan sanarwoyi wani kundi ne na faɗuwar darajar kuɗi da ya cancanci nazari.

8.0 Kammalawa

An ga yadda jiragen Hambog suka karya wuri, da yadda ƙa'idar London ta ƙafar da sule, da yadda hukuncin Ikko da Abuja ya riƙa ɗaga naira yana sauke ta. A kowane karo hasarar ta fi faɗa wa mutum biyu: wanda ya tara a tsabar kuɗi, da wanda dole ya sayar da amfanin gonarsa a ranar da ba shi ya zaɓa ba. Saboda haka duk wata manufa da take son jawo mutanen karkara su kai ajiyarsu banki, sai ta fara da tsare darajar abin da za su ajiye, domin rashin yardarsu yana da hujja ta shekara fiye da 150.

Ga masu nazarin harshe kuwa akwai aiki na gaggawa. Dattawan da suka yi ciniki da anini da taro a kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama suna ƙarewa, tare da su kuma farashin da suka haddace da lafuzzan ƙirga da na ciniki na Sakkwatanci. Ya kamata a tattara waɗannan tun da sauran masu faɗa. Har yanzu akan ji dattijo ya kira naira 200 jaka. A zamanin En'e jaka dukiyar attajiri ce, a 2024 kuwa ba ta sayen mudun gero.